Wa zai biya mai gadin daji?

Duk lokacin da na kawo zancen a ware kuɗi domin kula da gandun daji da namun dawa, amsar da nake fara samu ita ce wai mutane na fama da abin da za su sa a baki ni kuma ina zancen giwa. Wallahi ban taɓa jin haushin wannan amsar ba, don mai faɗinta gaskiyarsa yake faɗa, kowa ya san inda farashin kwanon masara ya kai, asibitocinmu ga su nan yadda suke, yara na zaune a ƙasa a aji. Amma ina so mai wannan maganar ya ɗan tsaya ya lissafo min sunayen dazuzzukan da muke ji a rediyo kusan kullum idan ana labarin satar mutane. Sambisa, Kamuku, Kuyambana, Rugu, Alawa, Falgore. Dukkansu fa gandun hukuma ne, a takarda suna da iyaka, suna da doka, kuma da can suna da ma'aikatan da ake biya su kwana a ciki. Sambisa gandun namun dawa ne tun zamanin Turawa, har giwaye da jiminu a ciki, mutane na zuwa kallo, kafin ya koma wurin da aka dinga ambata bayan sace 'yan matan Chibok a 2014. Kamuku da ke Birnin Gwari kuwa a 1999 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa na gwamnatin tarayya, yau ka tambayi mutumin Birnin Gwari ko zai iya shiga ya ɗebo itace ka ji me zai ce maka.

To abin da nake so in faɗa ke nan, daji ba ya zama babu mai shi. Ran da gwamnati ta janye ƙafarta, ta daina biyan mai gadi, ta daina gyara hanyar sintiri, wani ne zai shiga ya gaje wurin, da farko mai yankan katako da mai gawayi, sai maharbi, sai ɓarawon shanu ya gane ai nan babu mai tambayarsa, daga nan sai mai bindiga ya kafa sansani. Kuɗin da aka ƙi kashewa wajen albashi da man babur, yanzu ninkin ba ninkinsa ake kashewa wajen jiragen yaƙi da tura sojoji, ban da rayukan da suka tafi da kuɗin fansa da talaka ke sayar da gonarsa ya biya. Ba ina cewa rashin masu gadin daji ne kaɗai ya haifar da ta'addanci ba, akwai talauci, akwai zalunci, akwai makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011, amma wurin ɓuya kam mu muka bar musu shi a buɗe.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, Baba muke ce masa kowa da kowa, tsohon ma'aikacin gandun daji ne tun zamanin En'e, idan ka zauna da shi bayan la'asar ka taɓo masa zancen aikinsa sai ka ga fuskarsa ta canza. Ya ce min da keke yake zagaya yankinsa, kakinsa wankakke, jakar takardu a rataye. Duk ƙarshen damina ana ɗaukar leburori a share layin iyaka yadda kowane manomi zai ga inda gonarsa ta tsaya, sannan a sa wa ciyawa wuta da wuri tun tana da sauran danshi, don kada ta bushe ƙarau gobarar rani ta zo ta cinye har manyan itatuwa. Mai son sare maɗaci ko kirya sai ya zo ya yanki famit, a je a duba itacen a buga masa hatimi. Ya san kowane arɗo da sunansa, ya san rugar da ta sauka jiya da wadda za ta tashi gobe, ya san maharban kowane ƙauye da irin bindigar da ke hannun kowa. Ya ce, ɗana, baƙo ba ya kwana biyu a dajin nan ban ji labarinsa ba, in ban gan shi ba Bafillatani zai faɗa min, in bai faɗa ba mai ɗiban zuma zai faɗa. Da na tambaye shi yaushe abin ya lalace sai ya ce ba rana ɗaya ba ce, an daina ɗaukar sababbi ne kawai, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, wanda ya mutu shi ke nan, kuɗin share iyaka ya daina zuwa, har ya zama mutum ɗaya ne ke riƙe da dajin da mutum goma suke riƙewa da, kuma ko keken ma nasa ne na kansa.

Wannan sanin da Baba yake da shi fa shi ne tsaro, kuma da albashin wata-wata aka saye shi.

Mu ɗauki Yankari, don shi ne wanda yawancinmu muka sani, ko ba ka je ba ka ga hoton wani yana wanka a Wikki. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, a 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa, sannan a 2006 lokacin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu ya dawo hannun jiha. Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki ya san abin da nake nufi in na ce Allah ya yi mana kyauta, ruwa garai-garai kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa ɗaya dare da rana, rani da damina, wajen digiri 31, ga gwaggon birrai suna zagaya ɗakuna suna jiran ka yi sake da ledar burodinka. In aka fita da kai da mota wajen kogin Gaji da rani za ka ga gwambaza da mazo da mugun dawa, in da rabo ka ga garken ɓauna ko gwanki, in rabon ya yi yawa ka ga giwa. Amma raƙumin dawa babu, kyarkeci babu, mariya babu, duk sun ƙare a dajin a idon iyayenmu. Zaki kuwa a Najeriya gaba ɗaya wuri biyu ya rage masa, Yankari da gandun tafkin Kainji, kuma duka-duka ba a zaton sun kai 50.

Da Yankari ya dawo hannun jiha an kashe kuɗi sosai, gaskiya ce wannan, an gyara ɗakunan kwana, an yi gine-gine, har daga Namibiya aka kawo dabbobi irin su jakin dawa da raƙumin dawa waɗanda yanzu suke gandun Sumu. Amma a shekarun da suka biyo baya ne kuma kisan giwaye ya yi ƙamari saboda haure, garken da ake lissafa shi da ɗaruruwa ya dawo tsakanin 100 zuwa 150. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, an zuba kuɗi a inda baƙo zai kwana, ba a zuba a inda giwa take kwana ba. Kamar mutum ne ya sayi doki ya yi masa sirdi da linzami na alfarma amma bai yi tanadin harawa da dusa ba.

Sai a 2014 da gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun dawa ta Amurka mai suna WCS aka ga canji, kuma in ka duba abin da suka yi za ka ga babu wani siddabaru a ciki. Sun tabbatar mai gadi ya fita sintiri na kwanaki a daji da guzurinsa, garinsa da shinkafarsa da ɗan kifin gwangwani, da takalmi a ƙafarsa da tanti, da alawus ɗin kwanan daji da ake ba shi a hannu in ya dawo ba sai ya bi wani ofis yana roƙo ba, an ba su horo, an gyara motoci ana zuba musu mai, an ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda garke yake ta tauraron ɗan adam, wanda aka kama kuma a kai shi kotu a bi shari'ar har ƙarshe. Daga watan Mayun 2015 aka jera shekaru ba a tsinci gawar giwar da maharba suka kashe ba. Abin da ya tsayar da kisan ke nan, kuma ina da yaƙinin kuɗinsa na shekara bai kai na titin kilomita kaɗan a cikin gari ba. Abin da ke ci min rai shi ne me ya sa sai da wasu suka taso daga wata nahiya suka roƙo kuɗi a wurin mutanensu kafin ɗan Alkaleri da ke gadin dukiyar Bauchi ya samu takalmi. Mutanen nan fa ransu suke sayarwa, an sha kashe masu gadi a Yankari, maharbin da ya shiga neman haure ko naman sayarwa ba ya shiga da wasa, kuma a 'yan shekarun nan an fara jin hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan wajen Duguri da Gwana, wato abin da ya cinye Kamuku yana leƙo nan ma.

Na san dalilin da ya sa masu mulki suka fi son gini. Gini ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle a kira 'yan jarida, akwai kwangila a ciki, akwai kaso. Alawus ɗin mai gadi kuwa ba ya fitowa a talabijin, giwar da ba a kashe ba babu mai ɗaukar hotonta ya ce ga aikin gwamna. Shi ya sa za ka ga an gina ƙatuwar ƙofa da fenti da gunkin zaki a bakin gandu, ka shiga ciki ka tarar hanyar sintiri ruwa ya cinye ta tun shekaru.

Sai kuma ɓangaren da masu son dabbobi na birni ba sa son a taɓo, wato manomin da ke bakin daji. Na taɓa tsayawa a gonar dawa da giwaye suka kwana a ciki, a wani ƙauye da ke maƙwabtaka da gandu, lokacin dawa ta fitar da kai saura ƙiris a yi girbi. Karan duk a kwance, wanda ba su ci ba sun tattake, ga sawunsu ya lotsa cikin laka, ga kashinsu tsibi-tsibi da ƙwayar dawar a ciki ko narkewa ba ta yi ba. Mai gonar dattijo ne, idonsa ja wur don bai runtsa ba, shi da 'ya'yansa suka kwana suna kaɗa gwangwani suna hura wuta suna haska tocila, dabbobin ba su ko kula su ba sai da suka ƙoshi. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, abin da ya ce min kawai shi ne, yaro, in saniyar Bafillatani ce ta yi min wannan na san wurin wanda zan je, wannan kuwa an ce ta gwamnati ce, to ina zan ga gwamnati? Abincin gidansa na shekara ke nan ya tafi a dare ɗaya. Yanzu don Allah in gobe maharbi ya zo ƙauyen yana tambayar inda garken yake, wa zai ga laifin wannan bawan Allah in ya nuna masa hanya?

Don haka duk kasafin da aka yi wa gandun daji wanda babu kuɗin diyyar amfanin gona a ciki, a wurina bai cika ba. In giwa dukiyar ƙasa ce to ƙasa ce ya kamata ta ɗauki asararta, ba talaka ɗaya mai kadada biyu ba. A Yankari an ɗauki wasu mutanen ƙauyuka ana ba su ɗan abin hannu da waya don su riƙa sanar da masu gadi da zarar giwaye sun doso gonaki, wannan dabara ce mai kyau, kuma a wasu ƙasashen ana kewaye gona da amyar zuma don giwa na tsoron ƙudan zuma, manomi ya samu kariya ya samu zumar sayarwa. Amma duk wannan rage asara ne kawai, wanda aka riga aka cinye wa gona biya yake buƙata, a zo a auna, a ba shi buhunan hatsi ko kuɗinsu kafin rani ya shiga, ba a ce ya rubuto takarda ya jira ba.

Haka makiyayi. Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, ana lissafa gandun kiwo 415 a ƙasar nan amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa rajistar doka, sauran an nome su, an yanka filaye, burtali ya toshe. Mutumin da ya taso da shanu ɗari bai da inda zai bi, dajin hukuma kaɗai ya rage mai ciyawa da ruwa, dole can zai nufa, in ya shiga a kama shi a ci shi tara, in zaki ya kashe masa saniya ya sa guba a mushen, zakin ya mutu, kura ta mutu, ungulun da suka sauka su ma su mutu. Ku lura ma, yaushe rabonku da ganin ungulu a mayankar garinku? Da muna yara ai ba a iya ƙirga su a kan rufin kasuwa. Guba da masu sayen kawunansu don tsubbu sun kusa ƙarar da su. To kare gandun namun dawa ba zai yiwu da bindiga kaɗai ba, sai an kashe kuɗi a wajen gandun, a buɗe burtali, a haƙa dam ɗin shayar da dabbobi, a yi allurar rigakafi, yadda makiyayi zai samu wani wurin zuwa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, hurumi ai mun gaje shi, Sayyidina Umar ya keɓe wani wuri mai suna Rabaza don dabbobin baitulmali ya sa mata mai gadi, ya kuma umarce shi ya sassauta wa mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan ya bar su su yi kiwo. Hukuma ta keɓe wuri, ta biya mai kula da shi, ta kuma duba halin talakan da ke gefensa, duka ukun tare suke tafiya.

Masu cewa babu kuɗi kuma, akwai asusun da ake kira na kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981, ana cire masa kaso daga asusun tarayya kafin a raba, jihohi da ƙananan hukumomi kowa na samun nasa duk wata. An yi shi ne don zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada da makamantansu. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin gwamnansu ya yi bayanin inda kason jiharsu ya tafi? Abin da muka sani shi ne a 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na wannan asusun, daga baya a 2022 aka yi masa afuwa. Ga kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don jihohin arewa 19 da Abuja, wanda bashi ne fa, jikokinmu za su biya, saboda haka muna da haƙƙin mu tambayi nawa ne ya isa daji nawa ne ya tsaya a taron bita a otal da sayen Hilux.

Ni ba na adawa da tallafin waje, in na ce haka na yi butulci. Dubi gandun Zakuma a Chadi, giwayensa sun haura 4,000 a farkon shekarun 2000, mahaya dawakai masu neman haure suka dinga karkashe su har suka dawo wajen 450 a 2010, a shekarar ne gwamnatin Chadi ta miƙa wa ƙungiyar kula da gandun namun dawa ta African Parks ragamar wurin da kuɗin Tarayyar Turai, kuma ba da sauƙi aka yi ba, a 2012 an buɗe wa masu gadi wuta suna cikin sallar asuba aka rasa mutum shida, amma yau giwayen suna haihuwa, garken yana ƙaruwa, ƙauyukan gefen ma sun samu sauƙin mahara saboda rediyon da aka raba musu suna kiran agaji. A Gashaka Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya tsakanin Taraba da Adamawa, gidauniyar ANI ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandun ƙasa tun 2017, ta ɗauki matasan yankin aikin gadi, a yankin da 'yan shekaru kafin nan aka yi wa itacen madobiya, wanda 'yan Taraba ke kira madrid, wawaso ana lodawa a tirela zuwa Legas a tura Chaina har tsaunuka suka koma tsirara. Duk wannan alheri ne.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Mu duba maƙwabtanmu Nijar. Raƙuman dawan Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, su ne kaɗai irinsu da suka rage a duniya, a 1996 saura 49 kacal, gwamnati ta hana taɓa su da doka mai tsanani, ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan rance ga mutanen ƙauyukan don su haƙura da waken da mangwaron da dabbobin ke ci musu, matasa suka samu aikin yi wa baƙi jagora, har raƙuman suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi inda suka ɓace shekaru da dama. Sai ga harin watan Agustan 2020 da aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin shiga ya tsaya cak, bayan juyin mulkin 2023 kuma Turawa suka dakatar da tallafi da yawa. Raƙuman suna nan, suna ci gaba da cin waken mutane, amma abin da ke sa manomi haƙuri ya ragu. A farkon 2025 kuma kowa ya ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, cikin 'yan makonni, ayyuka nawa ne a Afirka suka tsaya a rana ɗaya. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a Montreal a Disamban 2022 ƙasashen duniya sun yi alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030, masu arziki kuma suka ce tallafin da suke ba masu tasowa zai kai dala biliyan 20 a shekara ya zuwa 2025, to ko da sun cika alkawarin, a raba wa ƙasashe sama da ɗari a ga nawa zai iso Falgore. Albashin mai gadi da man sintiri da diyyar manomi dole su fito daga aljihun gwamnatinmu, na baƙo ya zama ƙari, don shi ma mai bayarwar ya fi sakin hannu in ya ga mai abin ya fara sa nasa.

Kuma kada a ɗauka duk zancen na manyan dabbobi ne. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta ishe mu misali, wurin da tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu, ga dinya da kirinjijiya da zalɓe ba iyaka a Dagona da Baturiya, amma kafin tsuntsu ai mutane ne ke ci daga wurin, masunta, manoman shinkafa, masu noman rani, makiyayan da ke sauka da rani, masu saƙar tabarma da kaba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamar duk shekara ta ragu, ruwan ya koma yana tafiya kaɗan-kaɗan ba ya yankewa, shi ne ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ruwa ya cinye gonaki wani garin kuma ko ɗigo ba ya isa, tsuntsun jan baki kuma ya samu maɓoya a cikinta yana fitowa ya cinye shinkafa da gero. Mutanen yankin suna fita aikin gayya da lauje da adda cikin kwalekwale suna yanka, amma abin ya fi ƙarfin gayya, aiki ne na injin da kuɗin da za a riƙa warewa duk shekara, tare da tsarin sakin ruwa daga madatsun da zai tuna da na ƙasa. A nan kuɗin da zai ceci tsuntsu shi ne dai wanda zai ceci buhun shinkafar Bahaɗeje, ba ma sai an zaɓi ɗaya ba.

A zamanin Buhari an amince a ƙara gandun ƙasa guda goma a kan bakwai ɗin da ake da su, ciki har da Falgore a Kano, da Baturiya a Jigawa, da Kogo a Katsina, da Alawa a Neja, da Pandam a Filato. Na yi murna da jin haka, amma canza wa daji suna daga na jiha zuwa na tarayya ba ya korar kowa daga cikinsa, hukumar da bakwai suka yi mata yawa an ƙara mata goma, in ba a ninka mata ma'aikata da kuɗin aiki ba to allon bakin hanya kawai aka canza. Haka dakarun tsaron daji da gwamnatin Tinubu ta amince a ɗauka a 2025, tunani ne mai kyau, fatana kawai a ɗauki 'yan yankin da suka san dajin, a haɗa su da tsofaffin ma'aikatan gandu da ke raye, kuma a tabbatar albashinsu ba ya yankewa, domin matashin da aka koya wa harbi aka ba shi bindiga aka tura shi daji sannan aka riƙe masa albashin wata shida, kowa ya san haɗarin da ke cikin haka.

Yanzu yawancin jihohinmu suna saka kasafin kuɗinsu a intanet, har da rahoton wata uku-uku na abin da aka saki a zahiri. Duk mai waya da ɗan data zai iya saukewa ya nemo ma'aikatar muhalli, ya duba layin gandun daji, ya ga abin da aka rubuta da abin da aka fitar, don sau da yawa a nan gizo ke saƙar, a rubuta miliyoyi a takarda shekara ta ƙare ko kwabo ba a saki ba. Ya duba kuma nawa ne na gini da sayen mota, nawa ne na gudanar da aiki, akwai layin diyya ko babu, an ɗauki sababbin masu gadi ko ba a ɗauka ba. 'Yan majalisar jiha da ke wakiltar Alkaleri da Doguwa da Tudun Wada da Guri da Birnin Gwari su ya fi kamata a fara tarewa da waɗannan tambayoyin lokacin da ake kare kasafi a ƙarshen shekara, tunda mutanensu ne ke kwana a bakin dajin, kuma 'yan jaridarmu na gidajen rediyo da ke gayyato kwamishinoni su riƙa sa wannan a cikin abin da za su tambaya.